ISFAHAN, DA ZANEN DA AKE MANNA MANA A FUSKAR GINI

Tun yaƙin kwana 12 ɗin nan na watan Yunin 2025, sunan Isfahan ya zauna a bakin mutanenmu. Wanda ko taswira bai taɓa buɗewa ba sai ka ji shi a majalisa yana jero Fordo da Natanz da Isfahan kamar unguwannin garinsu. Ba laifi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yawancinmu da maganar nukiliya muka san garin, alhali kusan kullum muna wucewa ta gaban wani abu da ke da jijiya a can ba mu sani ba. Ina nufin zanen taurarin nan masu sarƙe da juna, da ake yankawa a jikin ƙarfe ko alminiyam a manna a fuskar sababbin gine-gine, da get ɗin gidajen masu hali, da tagogin masallatai, har da shagunan turare. 'Yan kwangila "zanen Dubai" suke ce masa. Ba duka ne na Farisa ba, akwai salon Masar, akwai na Maroko. Amma mai tauraro mai tsini goma ɗin nan, wanda ke da wahalar zanawa, a ƙasar Farisa da maƙwabtanta ya kai maƙura.

Ga abin da ya sa na ɗauko maganar. Makonni uku da suka wuce aka saka ni cikin wani kwamiti a wurin aiki, na gyaran wani tsohon gininmu mai hawa uku. Ni ba injiniya ba ne, tattalin arziki na karanta, an saka ni ne don in duba lissafin kuɗi. Ɗan kwangila ya zo da hotuna a kwamfuta, gini ya fito fes kamar otal, an lulluɓe gabansa da falle-fallen alminiyam masu huji, taurari sun cika ido. Kowa a teburin ya ce ma sha Allahu. Ni ma na ce. Sai da na koma kan takardar ƙiyasi na ga kuɗin wannan lulluɓin kaɗai ya fi na gyaran rufi da banɗakuna in an haɗa su, sannan jikina ya yi sanyi. Na ce, "Ranka ya daɗe, wane aiki wannan ƙarfen zai yi wa ginin?" Shugaban kwamiti ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, ado ne. Ado kuma sai ya yi aiki?" Aka yi dariya, aka wuce batu na gaba.

Tambayarsa ta bi ni har gida. Na shafe darare ina karance-karance a kan inda abin ya fito, har na ari kamfas da rular 'yata ta sakandare na gwada zana tauraro guda. Amsar da na samu ita ce: a wurin masu abin, e, adon yana aiki. Kuma abin da ake sayar mana hotonsa ne kawai.

Da jan bulo aka fara, ba da fenti ko tayil ba. A Bukhara, garin Imam Bukhari, wanda yanzu yake cikin Uzbekistan, akwai wani ɗan ƙaramin hubbare na sarakunan Samaniyawa, wata daular Farisawa, da aka gina a ƙarni na 10. Ku nemi hotonsa don Allah. Babu abin da aka manna masa. Magini ne ya jera bulo, wani a kwance, wani a tsaye, wani a karkace, wannan ya ɗan leƙo waje, wancan ya shige ciki, har bangon ya fito kamar saƙar kwando. Rana ce ke ƙarasa aikin, domin inuwar da kowane bulo ke yi wa ɗan'uwansa ita ke fito da zanen, yadda yake da hantsi daban, yadda yake da la'asar daban. A irin wannan gini ba ka isa ka cire adon ba sai ka rushe bangon, don adon shi ne bangon. Haka nan hasumiyoyi biyu na Kharraqan a lardin Qazvin na Iran, ɗaya ta 1067 ɗaya ta 1093, kowacce mai fuska takwas, kowace fuska da nata zanen, duk da bulo. Girgizar ƙasar 2002 ta yi musu illa, amma har yau ana zuwa kallonsu.

Kafin wani ya sauko ƙasa da faɗan aƙida, tunda an ambaci Iran: Samaniyawa da Saljuƙawan da aka yi waɗannan gine-gine a zamaninsu Ahlus Sunna ne, Iran ba ta zama daular Shi'a ba sai zuwan Safawiyawa a 1501. Zanen ya ratsa zamanin waɗannan da na waɗancan. A yi haƙuri a bar mu mu yi maganar gini yau.

Farisawa girih suke kiran wannan zane, ma'ana ƙulli. Ba girin-girin ba dai, girih. Layi ne ke tafiya, ya bi ta saman wani, ya shige ta ƙarƙashin wani, ya karya ya yi tsinin tauraro, ya ci gaba, ba ka ganin inda ya fara. Mai tsini shida da mai takwas ba su da wuya sosai, don suna hawa kan murabba'i da irin gidan zuma. Mai biyar da mai goma ne matsala. Gwada jera tayil masu gefe biyar, waɗanda gefunansu da kusurwowinsu duka daidai suke, a ƙasa ka gani, dole su bar giɓi. Ni dare uku na yi kafin na raba da'ira kashi goma daidai da kamfas, kuma da na zo haɗa tauraro na biyu da na farko layukan suka ƙi haɗuwa. Yarinyar tana ta yi mini dariya.

To yaya magina suka rufe bango sukutum da irin wannan ba tare da kuskuren ya taru ya ɓata aiki ba? Bayanin da ya fi shahara shi ne na wasu siffofi biyar da suke jerawa kamar tayil: mai gefe goma, mai gefe biyar, mai gefe shida dogo, mai gefe huɗu kamar daimon ɗin karta, da wata mai tsukakken tsakiya kamar kalangu. Gefunansu duka tsawonsu ɗaya, kusurwowinsu duka ninkin digiri 36 ne. A kan kowace siffa an riga an ja layuka, kuma kowane layi yana fita ne ta tsakiyar gefe a karkace iri ɗaya. Don haka duk yadda ka haɗa biyu, layin wannan zai tarar da na waccan ya ɗora. In an gama sai iyakokin siffofin su ɓace, layukan kaɗai ake fitarwa a bango. Mai kallo yana ganin abin al'ajabi, magini kuwa ya san ƙwarangwal ɗin da ke ƙarƙashi. Akwai wata naɗaɗɗiyar takarda a fadar Topkapi da ke Istanbul, tsawonta kusan mita 30, ɗauke da zane 114, irin kundin da manyan maginan Iran ke aiki da shi wajen ƙarshen ƙarni na 15. A wasu zanukan har ana ganin wannan ƙwarangwal ɗin an ja shi da wani launi daban. Farfesa Gülru Necipoğlu ta yi littafi guda a kanta a 1995.

Labarin da ya fi taɓa ni kuwa na Abul Wafa al-Buzjani ne, masanin lissafi da taurari, haifaffen Khurasan a 940, ya rasu a Bagadaza a 998. Wannan bawan Allah littafi ya rubuta takanas a kan lissafin siffofin da mai sana'ar hannu ke buƙata. A ciki ya ba da labarin wani zama da aka haɗa masu sana'a da malaman lissafi, aka kawo matsalar yadda za a haɗa murabba'i uku masu girma ɗaya su zama babban murabba'i guda. Malamin lissafi ya warware ta da layuka a takarda, amma amsarsa ba ta yi wa masu sana'a amfani ba, don su abin da za su yanka su jera suke nema. Su kuma masu sana'ar suka kawo nasu hanyoyin, a ido kamar daidai, in an auna akwai ɗan kuskure. Sai Abul Wafa ya nuna musu hanyar yanka da jerawa wadda ta tsaya a lissafi. Ku dubi wannan fa. Shekara dubu da suka wuce, mai digiri da mai cebur sun zauna a tabarma ɗaya, kowa ya ga gazawarsa. Mu nan yaushe rabon da a zaunar da malamin lissafi na jami'a da mai walda na bakin titi a kan aiki guda?

Turawa ma sai kwanan nan suka farga da zurfin abin. A 2007 wasu masanan kimiyya biyu na Amurka, Peter Lu da Paul Steinhardt, suka wallafa bincike a mujallar Science a kan zanen da ke saman wata ƙofa a hubbaren Darb-i Imam na Isfahan, ginin da aka fara a 1453. Suka nuna cewa tsarinsa ya yi kusa ƙwarai da wani nau'in jeri da ba ya taɓa maimaita kansa, wanda Roger Penrose na Ingila ya bayyana a shekarun 1970. An yi ta yayata labarin, wasu har da ƙarin gishiri, kuma akwai masanan da suka ce an kai maganar inda ba ta kai ba. Ni ba wannan gardamar ce ta dame ni ba. Abin da na ɗauka daga Darb-i Imam shi ne zane biyu ne a wuri ɗaya: in kana nesa za ka ga manyan layuka sun yi manyan taurari, in ka matso sai ka tarar kowane yanki an cika shi da ƙananan taurari a kan ƙa'ida ɗaya. Wato magini ya yi tunanin mai tahowa daga nesa, ya yi tunanin wanda ya iso bakin ƙofa. Sannan zanen don wannan gurbin aka auna shi. A aikin gwanaye, tauraro ko ya fito cikakke, ko a raba shi rabi daidai a bakin iyaka, ko rubu'i a kusurwa. Ba a barin almakashi ya yanke hukunci.

Da wannan idon na fita ranar Asabar na zaga gari. Kai jama'a! Wani gini an ciro zanen daga intanet an ja shi don ya cika tsawon falle, tauraro ya koma kamar ƙwai. Wani kuma falle biyu sun haɗu, layin wannan yana sama da na wancan da kusan ɗan yatsa, ƙullin ya kwance. A bakin gini an datse tauraro a inda ƙarfe ya ƙare, kashi ɗaya cikin uku ya rage yana reto. Wanda ya fi ba ni takaici wani ofis ne da aka lulluɓe fuskarsa ta arewa don ita ke kallon titi, aka bar ɓangaren yamma gilashi tsirara, rana tana dafa ma'aikata tun daga ƙarfe biyu, na'urar sanyaya ɗaki tana kuka, janareto yana shan dizal. Tsakanin fallen da gilashin kuwa babu ta inda mutum zai shiga ya share, ƙurar hunturu biyu ta kwanta, tantabaru sun samu gida kyauta. An yi ba a yi ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce Malam, zamani ya canza, wa zai biya magini ya shekara yana sassaƙa tayil alhali injin leza zai yanka a wuni guda? Gaskiya ne, kuma ni ba na faɗa da inji. Su kansu Farisawan sun bi gajeriyar hanya da ta kama. Shah Abbas, wanda ya mayar da babban birninsa Isfahan a 1598, ya fara babban masallacinsa na dandalin Naqsh-e Jahan a 1611, kuma yana gaggawa. Tsohuwar hanyar ita ce a gasa kowane launi daban, a yanka shi ƙanana, a jera kamar ɗinkin faci. Tana da sheƙi, amma tana cin lokaci da kuɗi. Sai aka koma ga wadda suke kira haft rang, wato launi bakwai, inda ake zana hoton a kan tayil murabba'i a gasa gaba ɗaya. Da ita aka rufe yawancin masallacin, babbar ƙofar shiga ce aka yi wa aikin yankan. To ka ga an sauƙaƙa hanyar aiki, amma ba a sauƙaƙa awo ba. Kowane zane don bangonsa aka yi shi. Kuma har yau ido a buɗe yake a garin: a 2022, bayan an shafe fiye da shekara goma ana gyaran tayil ɗin ƙubbar wannan masallaci, hotuna suka nuna zanen ya karkace a wasu wurare, ƙasar ta ɗauka da surutu, har jami'ai suka fito suka amsa cewa akwai gyara. Mu da ƙwai aka manna mana a madadin tauraro, tafi muka yi.

Kar kuma a ɗauka can ɗin kowa gwani ne. Tehran ta cika da gidajen bene masu ginshiƙan Rumawa na farin dutse, abin da su da kansu suke kira fuskar Rumawa, masanan gininsu sun daɗe suna kuka da shi. Irin ciwonmu ne, mu ma ga ginshiƙan nan a kowace sabuwar unguwa. Amma a cikin wannan hayaniyar akwai masu nuna wata hanya. Wani gidan bene a Tehran da ake kira Gidan Ƙulli 40, aikin Habibeh Madjdabadi da Alireza Mashhadimirza, an yi masa fuska da jan bulo da aka zira a sandunan ƙarfe, kowane bulo da irin juyinsa, har ya zama labule mai tace rana yana kuma kare mutanen gida daga idon titi. Dabarar daga saƙar darduma suka ɗauko ta, inda ake bin umarni ƙulli bayan ƙulli, don haka leburori na yau da kullum suka iya aikin. Ya shiga jerin gine-ginen da aka tace don lambar yabo ta Aga Khan a 2016. Babu tauraro ko ɗaya a jikinsa, amma a ganina ya fi kusa da hubbaren Bukhara fiye da duk alminiyam ɗin da na gani ranar Asabar.

Shi ya sa nake ganin amsar shugaban kwamitinmu ce ke da gyara. A tsofaffin gidajen Iran, ragar katakon da ake saƙawa da wannan zane a taga, a cusa mata gilasai masu launi, aikinta rage kaifin rana ne da sirranta cikin gida. A ƙasa mai zafi irin tamu wannan ba ƙawa ba ce kawai, kuɗin wuta ne. Ranar da ke cutar gini a nan ta gabas ce da safe, da ta yamma musamman. Can ya kamata raga ta tsaya, a auna girman hujinta da kaurinta da tazararta daga gilashi. Kuma kada a yi zurfin wayo. A Faris, ginin Cibiyar Duniyar Larabawa da Jean Nouvel ya tsara, wanda aka buɗe a 1987, an yi masa tagogi 240 masu buɗewa da rufewa da kansu gwargwadon haske kamar idon kyamara. Abin sha'awa, amma na'urorin sun yi shekaru a tsaye kafin a gyara. In Faransa ta sha wuya da wannan, mu da famfon banɗaki ke shekara yana yoyo sai mu nemi abin da ba ya motsi.

Wani abokina da na yi wa wannan ƙorafin ya ce to me ya kai mu aron na Farisa, ba ga dagi ba? Ai shi ma ƙulli ne. Yana da gaskiya ta wani fanni. Wanda ya taɓa tsayawa gaban tsofaffin gidajen Zariya ko na unguwar Birni a Damagaram ya san maginanmu sun iya fuskar gida, kuma su ma a jikin yaɓen suke fitar da zayyanar tun yana ɗanye, ba mannawa suke ba. Aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a masallacin Juma'a na Zariya har a littattafan waje ana karanta shi. Sai dai hanyar ba ɗaya ba ce, namu hannu ne da ido da lanƙwasa, nasu kamfas ne da rula, ban kuma ga dalilin da za mu ce sai ɗaya ba. Aro ba haramun ba ne. Dagin ma ai na ga yadda ake yi masa, a yanko shi a roba a ƙusa a saman gilashi, ya sha rana shekara biyu ya koɗe ya ɓalle gefe guda. Matsalar ba daga ina zanen ya fito ba ce. Matsalar ba wanda ake biya ya yi tunani a kansa, don takardar ƙiyasi murabba'in mita na ƙarfe kawai ta sani, babu layin da ya ce ga kuɗin wanda zai zana shi daidai da bangon.

Jiya na rubuta takarda shafi ɗaya na saka a fayil. Na nemi a fara da rufi da banɗakuna. In har kuɗi ya ragu kuma sai an yi ragar, a mayar da ita ɓangaren yamma inda ofishin rajista yake, a kawo zanen fuskar gaba ɗaya da ke nuna inda kowane tauraro ya ƙare, a yanko falle biyu na gwaji a haɗa su a gabanmu kafin a biya ko sisi, a kuma bar hanyar da mai shara zai shiga bayanta. Na ƙara da cewa a sashen koyar da zanen gini na kowace jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha da ke kusa ba za a rasa wanda zai duba mana aikin ba. Sakataren kwamiti ya karanta, ya ɗago ya ce, "Yallaɓai, kai dai ba ka son zaman lafiya." Ranar Alhamis za mu sake zama. Bokitai uku da muke tara ruwan sama da su a hawa na uku suna nan a bayan ƙofa, na duba su da safen nan.